Kundin aikin salon haruffan kati masu lanƙwasa

9 ga Nuwamba, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya, saboda masu shagunan buga kati irina da ke ƙauyukan ƙasar Gumel da kewaye, waɗanda ciwonmu ɗaya ne. Abin da nake son samarwa shi ne salon haruffa na kwamfuta irin na rubutun hannu mai haɗe da juna, wanda ya ɗan kwanta zuwa dama, mai kauri a inda alƙalami ya gangaro da siranta a inda ya hau, kuma wanda yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, manyansu da ƙananansu, an zana su da hannun da ya zana sauran.

Duk wanda ya taɓa tsara katin biki ya san inda gizo ke saƙa. Salon da masu biki suka fi nunawa da yatsa su ne irin su Edwardian Script da Monotype Corsiva, waɗanda suke zuwa tare da manhajojin ofis, kuma domin harsunan Turai aka zana su. Babban rubutun da ke kan kati kuwa shi ne Ɗaurin Aure. Da zarar an danna Ɗ sai kwamfuta ta neme shi ta rasa, ta aro shi daga wani salo na daban, ya tsaya ƙiƙam a gaban haruffa masu rausaya, ko kuma ta bar akwati fanko a gurbinsa. Wasu shagunan sukan sauke lanƙwasar gaba ɗaya su buga D, wasu kuma sukan mayar da rubutun zane a cikin CorelDRAW su ɗora masa ƙugiya da hannu. Hanya ta biyun ce muke bi a shagonmu, kuma tana yin kyau har zuwa lokacin da uban amarya zai bugo waya ya ce a gyara suna, a nan ne aiki zai koma farko. Tun shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa a rubutun boko, don haka ban ga dalilin da zai sa katin aurenmu ya ci gaba da fita babu su ba.

16 ga Nuwamba, 2024

Na duba asalin irin wannan rubutu kafin in zaɓi tubalin da zan yi gini a kansa, kuma gida biyu ne manya. Na farko ya fito ne daga Italiya, daga hannun marubutan fadar Fafaroma, kuma littafin da Ludovico degli Arrighi ya rubuta a 1522 domin koyar da shi ne ya yaɗa shi. Da alƙalami mai faɗin baki ake yin sa, a riƙe shi a karkace, kaurin layi ya riƙa sauyawa gwargwadon inda hannu ya dosa. Zapf Chancery na Hermann Zapf, wanda ya fito a 1979, daga wannan gida yake. Na biyu shi ne na Ingila, wanda ake yi da alƙalami mai tsini da ke buɗe baki idan an danna shi, kuma haruffansa suna kwanciya da kusan digiri 55 daga layin da suke zaune a kai. George Bickham ya tara samfuransa a The Universal Penman tsakanin 1733 da 1741, kuma wannan hannu ne Ed Benguiat ya bi da ya zana Edwardian Script a 1994.

Da farko zuciyata ta fi karkata ga gidan Italiya, domin alƙalaminsa ya fi kusa da namu, kuma ya fi sauƙin karantawa. Abin da ya hana ni shi ne wuyan haruffansa. A hannun Arrighi, kan b da d da h da k da l yakan lanƙwasa zuwa dama ya ƙare da ɗan ɗigo, kuma a wurinsa ado ne kawai. A idon Bahaushe kuwa wannan lanƙwasa harafi ce, domin d mai irin wannan kai ɗ ne, k kuma ƙ ne. Saboda haka na koma gidan Ingila, duk da cewa shi ma yana da tasa rigimar.

Salon da ake sayarwa ba a yarda mutum ya buɗe shi ya sauya ba. Na ɗauki wani na kyauta da ke ƙarƙashin lasisin OFL na ƙungiyar SIL, wanda ya halatta gyara da rabawa, bisa sharaɗin kada a sayar da salon shi kaɗai, kuma a sauya masa suna idan mai shi ya keɓe sunan. Da manhajar FontForge zan yi aikin, ita ma kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutar shago tana ɗaukarta ko a kan batirin sola.

1 ga Disamba, 2024

Na kai wa alaramman tsangayar garinmu samfurin haruffan a takarda, domin a duk yankin nan babu wanda ya kai shi sanin yadda layi yake zama a kan takarda, ko da yake da boko ba ya aiki. Ya daɗe yana kallon takardar yana matsar da ita nesa da kusa, sannan ya ce, “Yaro, wannan rubutu yana da kyau, amma marubucinsa rowar tawada yake yi.” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, haka Turawan suka tsara shi, sirantar ita ce adon.” Ya ce adon da tsoho ba zai gani ba bayan la'asar, na matasa ne kaɗai.

Daga nan ya ɗauko sabon kara ya fiƙe shi a gabana. Ya fere gefe ɗaya har ya yi lebur, ya rage gefunan biyu, ya ɗora bakin a kan katako ya datse shi a karkace da sara ɗaya, sannan ya tsaga shi kaɗan domin tawada ta sami hanya. Ya tsoma a tawadar bagaruwa ya ja layi a tsaye da layi a kwance, ya nuna mini cewa ko mafi sirantar abin da karan zai iya fitarwa yana da jiki, kuma bai gaza kashi ɗaya cikin huɗu na mai kaurin ba. A samfurin da na kawo kuwa siririn layin bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Wannan cikar jiki ita ce siffar rubutun Kano da aka sani a Alƙur'anan hannu irin na Sharu Bala Gabari, kuma ita ce idon mutanenmu ya taso da ita tun daga allo.

Na roƙe shi ya kwaikwayi ƙ da alƙalaminsa, ya yi, kuma abin da hannunsa ya yi da kansa ya fi duk bayanin da zan samu amfani: da ya kai ƙarshen lanƙwasar bai ɗage alƙalamin nan take ba, ya ɗan tsaya har tawada ta taru ta yi ɗigo mai nauyi. Na ɗauki hoton takardar da sikana, kuma a kan wannan ɗigo zan gina ƙugiyar haruffan uku.

Ya kuma ba da shawara guda wadda ba ta shafi zane ba, cewa a daina ɗora aya a kan kati, tunda bayan biki a ƙasa ake tsintarsa. Zan riƙa isar da wannan ga masu kawo aiki.

14 ga Disamba, 2024

Ƙananan haruffa ne aikin waɗannan makonni, kuma a nan rigimar gidan Ingila ta bayyana. A wannan salo, b da f da h da k da l suna da zobe a wuyansu: siririn layi yakan taso daga harafin baya ya hau, ya zagayo ta sama, sannan ya gangaro da kauri. Zoben yana zama ne a daman sandar harafin, wato daidai wurin da ƙugiyar ɓ da ƙ take. Idan aka bar b da zobensa aka kuma yi wa ɓ ƙugiya, bambancinsu ba zai wuce cewa ɗaya a rufe yake ɗaya a buɗe ba, kuma ɗan yaɗuwar tawada ko dusashewar hoto ya isa ya shafe wannan bambanci.

Hukuncin da na yanke shi ne in cire zobe daga b da k gaba ɗaya, su tsaya da sanda miƙaƙƙiya mai yankakken kai, irin wadda d da t suke da ita tun asali. Zobe ya rage ga f da h da l, waɗanda ba su da 'yan uwa masu lanƙwasa da za a rikita su da su. Ta haka duk inda mai karatu ya ga kai ya karkata dama ya ƙare da ɗigo, ya san baƙin lanƙwasa ne, babu wata fassara. Ƙanena da ke taya ni aiki a shago bai so wannan ba, yana ganin an rage wa salon kwarjini, kuma gaskiya ne cewa kalma irin Kabiru ta fi armashi da zobenta. Sai dai sunan ango da na amarya su ne abin da aka fi kallo a kati, kuma Baƙo ba zai gode wa wanda ya mayar da shi Bako ba komai kyan zoben.

Kowane harafi na ajiye shi a gurbinsa na Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, wato 0253 ga ɓ, 0257 ga ɗ, 0199 ga ƙ, sannan 0181 da 018A da 0198 ga manyansu. Wasu sukan ɗora su a kan maɓallan da Hausa ba ta cika amfani da su ba, irin su q da x, domin sauƙin dannawa, amma rubutun da aka yi ta haka yana lalacewa da zarar ya bar kwamfutar da aka yi shi.

19 ga Disamba, 2024

Yau Alhamis, na tafi kasuwar Maigatari da takarda ɗauke da kalmomi bibbiyu, irin su baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, daka da ɗaka, an warwatsa su ba a jere ba. Na riƙa miƙa wa waɗanda na sani a rumfunan 'yan yadi da na masu cajin waya, ina roƙon su karanta da ƙarfi. Babu wanda ya yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ. A kan ɓ an ɗan yi jinkiri, domin ƙugiyar tana sauka kusa da cikin harafin har tana neman taɓa shi, don haka zan ɗaga ta sama in gajarta ta.

Wani malamin makaranta da ya tsallako daga ɓangaren Damagaram ya tambaye ni ina ƴ. A Nijar da wannan harafi suke rubuta abin da mu muke rubutawa da 'y, kuma mu da muke bakin iyaka aure tsakaninmu da su ba ya yankewa. Na ƙara shi a jerin aiki, ƙarami a 01B4 babba a 01B3, tare da wasulan Faransanci masu alama a ka, tunda katinsu yakan haɗa harsunan biyu.

4 ga Janairu, 2025

Ƙugiyar ɗ ta sha bamban da sauran biyun, domin ita tana leƙawa ne waje, a saman harafin da ke biye. A kalmomi irin su daɗi da faɗi da haɗi, ɗigon ƙugiyar yana karo da ɗigon i har su zama gudan tawada ɗaya. Na zana ɗi na musamman wanda kwamfuta za ta riƙa saka shi da kanta, amma ban dogara da shi ba, saboda sai daga CorelDRAW X6 aka fara samun cikakken amfani da irin wannan dabara ta OpenType, alhali shaguna da yawa har yanzu tsofaffin da suka gabace shi suke riƙe da su, kuma a Word sai an shiga an kunna ta. Don haka na sauke ɗigon i ƙasa kaɗan a salon gaba ɗaya, yadda ko babu dabarar za su wuce juna.

Na gwada ƙaƙƙarfa da ɗaɗɗaya da ɓaɓɓake, duk sun zauna lafiya bayan an ɗan buɗa tsakanin tagwayen. Alamar hamza ta Juma'a da addu'a da 'ya'ya ita ma ta sami gyara, domin a salon asali tana yanke haɗin haruffa ta bar giɓi har kalma ta zama biyu. Yanzu layin haɗi yana wucewa ta ƙarƙashinta.

18 ga Janairu, 2025

Manyan haruffa sun fi komai cin lokaci, kuma su ne dalilin da ya sa mutane suke son wannan salo tun farko. B da D na gidan Ingila suna da doguwar jela da ke tasowa daga saman harafin ta zagayo hagu ta nannaɗe. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ kuwa a hagu take, a sama, daidai inda jelar take wucewa. Abin da ya faru da zobe a ƙananan haruffa shi ne ya sake faruwa a nan, sai dai a wannan karo ba zai yiwu a aske adon duka ba, domin D maras jela a farkon suna ya tashi daga rubutun kati ya koma na takardar ofis.

Abin da na yi shi ne na raba musu wuri. A B da D na mayar da adon ƙasa: sandar harafin tana gangarowa ta ƙare da jela a hagu ta ƙasa, samansu kuma ya tashi daga sandar kai tsaye babu abin da ya leƙa hagu. A Ɓ da Ɗ na bar wannan jela ta ƙasa yadda take, na ƙara ƙugiya gajeriya mai kauri a hagu ta sama, wadda ta sunkuyo ta ƙare da ɗigon Malam. Da aka jera Dauda da Ɗanladi, sai ga su 'yan gida ɗaya, kuma daga bakin ƙofar shago ana iya bambance su. Ƙ ya fi sauƙi, tunda ƙugiyarsa a hannun dama na sama take, abin da ya buƙata kawai shi ne a miƙar da hannun K ya daina rausaya.

Na kalli Zapfino na Hermann Zapf, wanda ya fito a 1998 bisa haruffan da ya rubuta da hannu tun 1944, inda harafi ɗaya yake da siffofi da dama da mai tsarawa zai zaɓa. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma ba zan bi wannan hanya yanzu ba. Siffa ɗaya tabbatacciya ga kowane harafi ta fi amfani ga yaron shago da ke tsara kati goma kafin batir ya sauka.

1 ga Fabrairu, 2025

An yi gwajin bugu, kuma lissafi ya gaskata Malam. A FontForge ana raba tsayin gurbin harafi gida 1000, siririn layin salon asali kuma gida 15 ne. A girman lamba 12 gurbin kusan milimita 4.2 ne, wato layin ya zama kusan milimita 0.06, alhali ɗigo ɗaya na firinta mai ɗigo 600 a inci yana da kusan milimita 0.04. Layin da bai kai ɗigo biyu ba dole ya riƙa yankewa, balle a kan kati mai kaushi a cikin ƙurar hunturu. Na mayar da shi gida 30, ya zama ɗigo uku.

Ga abin da gwajin ya nuna game da inda salon ya dace. A kan kati yana yin kyau daga lamba 18 zuwa sama, ga sunayen ango da amarya da babban take, haka ma a takardar shaidar sauka da ta kammala makarantar Islamiyya, inda sunan ɗalibi yake tsayawa shi kaɗai a tsakiya. Rana da lokaci da wuri da lambar waya kuwa sai a ba su salo miƙaƙƙe maras ado, domin wannan rubutu babbar riga ce mai aiki, ba a shiga gona da ita. Ba a rubuta kalma da manyan haruffansa zalla, jelolin sukan sarƙe har a kasa karantawa. A kan babban ƙyallen sanarwa, wato bana, ya fito da kyau, a hatimin roba kuma bai yi ba sam, kuma ba zan ƙara gwada shi a nan ba.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na waya, tunda yawancin gayyata yanzu ta WhatsApp take yawo, kuma yana matse hoto kafin ya tura. Farin rubutu a kan shuɗi mai duhu ya tsira, ruwan zinare a kan fari kuwa ya dusashe har ƙugiyoyin suka ɓace.

15 ga Fabrairu, 2025

Watan Sha'aban ya kawo cunkoson bukukuwa yadda ya saba, kuma a cikinsa salon ya fita aikinsa na farko. Wani Alhaji daga ƙauyen da ke gabas da mu zai aurar da 'ya'yansa mata biyu rana ɗaya, ya zo da kansa ya zauna a kan benci har aka gama tsarawa. Da ya ga samfurin sai ya ce, “Malam, a yi mini sunayen duka da manyan baƙi, a san aure ne na gidan girma.” Na ce, “Ranka ya daɗe, bari in buga maka iri biyu ka zaɓa.” Ya karanta na ƙananan haruffa a take, na manyan kuma ya juya shi sama da ƙasa, ya ajiye, bai sake maganarsa ba.

Ya nemi a ƙara layi ɗaya da ajami saboda dattawan da boko bai dame su ba. Na yi amfani da Alkalami, salon da SIL ta fitar a 2017 bisa rubutun Kano, mai fa'un da ɗigonsa ke ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama yadda aka saba a Warash. Na yi fargabar kada nauyinsa ya danne bokon, amma da yake an riga an ƙara wa siraran layukan jiki, sai suka zauna tare ba tare da ɗaya ya rinjayi ɗaya ba, bayan na rage girman ajamin kaɗan.

26 ga Fabrairu, 2025

Azumi ya ƙarato, aikin kati zai tsagaita, kuma a wannan tsakani zan kammala abin da ya rage. Lambobi har yanzu na salon asali ne, sirara, ba su dace da sabon kaurin ba, don haka sai an sake zana su. Haɗin w da harafin da ke biye yana buƙatar dubawa, domin w daga sama yake miƙa hannu, Hausa kuma cike take da kwa da gwa da ƙwa, kuma a ƙwarai da gwaggo akwai ɗan tsalle da ido yake kamawa. Ƴ babba ma bai gamsar da ni ba, ƙugiyarsa tana kama da jelar ado.

Na ba wani mai shago a Gumel da wani a Maigatari kwafin gwaji domin su ɗora a kwamfutocinsu, musamman mai tsohon CorelDRAW, su kawo mini duk kalmar da ta fito a karkace. Ba a tsayar da sunan salon ba tukuna, kuma lasisi ya wajabta a yi hakan kafin a raba shi ga jama'a, abin da nake sa ran yi bayan ƙaramar Sallah idan rahoton shagunan biyu ya dawo.